RUWAN BIRNIN ZAZZAU DA SHEKARAR BAUTAR ƘASA



Muna godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka ba mu damar tsayawa a gabanku yau. An nemi mu yi magana a kan irin hidimar da matashi zai iya yi wa jama'a a shekararsa ta farko bayan ya bar jami'a, ko yana bautar ƙasa ne ko kuwa ya kama aikin gwamnati. Fagen yana da faɗi ƙwarai, sabili da haka muka ga ya fi kyau mu tsaya a kan abu guda, watau ruwa, a wuri guda kuma, watau cikin ganuwar birnin Zazzau. Da yawa daga cikinmu mun yi shekara huɗu ko biyar a Samaru ko Kongo, amma ba mu taɓa wuce Ƙofar Doka ba sai ran hawan salla ko ran da muka je ɗinkin babbar riga. Alhali kuwa harajin mutanen da ke cikin lungunan nan yana cikin abin da aka ilmantar da mu da shi.

Bari mu fara da yadda ƙasar take a shimfiɗe. A shekara Zariya takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a Agusta. Ruwan nan in ya sauka ba ya sanin iyakar unguwa ko ta ƙaramar hukuma, gangare kaɗai ya sani. Wanda ya zuba a wajen Shika da Samaru yakan faɗa Kubanni, wanda ya taso daga dutsen Kampagi, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Wanda ya zuba a cikin birni, wani ya bi rafin Kamaca, wani ya nufi kudu wajen Saye. Dukkansu Galma suke zuba wa, Galma ta kai wa kogin Kaduna, Kaduna ta kai wa Kwara, Kwara ta kai teku. Duk faɗin ƙasar da ruwanta ke taruwa a kogi ɗaya shi muke nufi in mun ce kwarin kogi. Kamar ƙwarya yake: abin da aka zuba a gefenta, komai daɗewa a gindinta za a same shi. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya zubar da shara a kwata a Babban Dodo ya aika da ita ne ga mai lambu a bakin Galma, mai lambun kuma zai mayar masa da ita kasuwa a cikin latas da kabeji.

Mutanen da suka gina birnin nan sun san wannan ba tare da sun zauna a aji ba. Ganuwar da ta kewaye gari, mai tsawon kusan kilomita 15, da ƙasa aka yi ta. Haka fada, haka soraye da zaurukan unguwanni, haka Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830. Ƙasar da aka yi tubalin waɗannan gine-gine daga cikin gari aka haƙo ta, ramukan da suka rage kuwa su ne kududdufai. Ba don ruwa aka haƙa su ba, amma sai suka zama ma'ajiyarsa. In aka yi ruwa, indararo ya zubo tsakar gida, tsakar gida ta miƙa wa lungu, lungu ya miƙa wa kududdufi. A nan ruwan zai kwanta, ya riƙa nutsewa sannu a hankali, yana ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye har tsakiyar rani. Magina su ɗiba, dabbobi su sha, rimayen da aka san Zazzau da su su sami danshi. Sharar gida ma ba ta kwana a hanya, domin toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, kuma manoma na zuwa da jakuna da mangala su kwashe ta zuwa gona.

Domin mu gane girman aikin da kududdufi ke yi, sai mu yi ɗan lissafi irin na firamare. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, kadada ɗaya ta karɓi lita 500,000. Kududdufi mai tsawon mita 50, faɗi mita 40, zurfi mita 2, yana ɗaukar lita miliyan 4, watau dukkan ruwan da ya sauka a kadada 8 a wannan dare. To, ran da aka cike wannan rami da shara, aka yanka shi filoti-filoti aka gina, lita miliyan huɗun nan ba su fasa saukowa ba. Za su zo, su tarar da gida a mazauninsu, su shiga ɗakin da ya fi kwari, su jiƙa gindin katangar ƙasa har ta kwanta, wani lokaci a kan masu barci. In rani ya yi kuma, rijiyar da ta saba kai wa watan Afrilu sai ta ƙafe tun Fabrairu, domin an toshe bakin da take sha.

Ba za mu ɓoye laifin kududdufi ba, gama duk uwar da ke zaune kusa da shi ta san shi. Gidan sauro ne, yara na kamuwa da tsargiya in suna wanka a ciki, kuma akan yi rashin yaro a cikinsa da damina. Wanda ya ce a cike shi ba mahaukaci ba ne, kuma matsin wurin zama a cikin birni gaskiya ne. Sai dai maganin ƙazamin kududdufi shi ne a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba masa shara da bahaya, a yi masa mafita inda zai tumbatsa in ya cika. Ciwon kai ba a maganinsa da yanke kai.

Abubuwa uku ne suka sāke a zamaninmu. Rufin kwano da daɓen siminti sun maye gurbin rufin ƙasa da tsakar gida mai shan ruwa, saboda haka ruwa ya fi yawa a lungu, ya kuma fi sauri. Leda ta shiga juji, manomi ya rage sha'awar takin gari, leda kuwa ita ce ke toshe kwata da kwalbati. Jama'a sun ƙaru, gida ɗaya ya rabu uku wajen gado, har masai ya matso kusa da rijiya, alhali masana lafiya na son a sami tazarar kamar mita 30 a tsakaninsu. Sakamakon wannan na ƙarshe ba ɓoyayye ba ne. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu a jihohin Arewa.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, a gina madatsa a ja famfo, magana ta ƙare. Lalle an yi, kuma ba mu raina ba. Tun 1939 aka kafa gidan ruwa na farko a Zariya, a 1975 aka datse Galma aka ƙara wani, a 2017 kuma aka buɗe sabuwar matatar da aka tsara ta riƙa ba da lita miliyan 150 a kowace rana. Amma madatsa ba ta haifar ruwa, abin da kwarin kogi ya aiko mata shi take tarawa, kuma tare da ruwan yakan aiko da laka. Misalin yana bayan ɗakunan kwananmu. Madatsar Kubanni da jami'a ke sha an gama ta a 1973 da zurfin kimanin mita 8.5. Da masana labarin ƙasa na jami'ar suka auna ta a 1997, sai suka tarar wuri mafi zurfi bai wuce mita 5.2 ba. Fiye da mita 3 laka ta cinye cikin shekara 24. Lakar nan kuwa ƙasar gonakin mutane ce da ke sama da madatsar, wadda ta zaizayo saboda an sare itatuwa, an yi noma har bakin rafi, an haƙi yashi a gaɓa. Manomi ya yi asarar ƙasarsa, mai shan ruwa ya yi asarar ma'ajiyarsa, da ruwan sama guda. In haka ta faru a gaban idon masana, ina ga inda babu mai aunawa?

A nan ne maganar ta iso kanmu. An kafa shirin bautar ƙasa ranar 22 ga Mayu, 1973, da doka ta 24, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, wanda shi kansa a Wusasa ya tashi, a Zariya ya yi karatu. Cikin tsarin shirin akwai rana ɗaya a kowane mako da aka keɓe domin aikin raya al'umma. Ku lissafa: bayan an cire makonnin sansani da na hutu, kowane ɗan bautar ƙasa yana da kwana arba'in da wani abu a hannunsa. In mutum ashirin suka haɗu, kwana ɗari takwas ke nan na masu digiri, cikinsu har da injiniya da likita da masanin ƙasa da malamin makaranta. Abin tambaya shi ne, me ake yi da su? Sau da yawa akan taru a sa hannu a rajista, a share gefen titi na rabin awa, a ɗauki hoto, a watse. Masu himma a cikinmu kuma sukan kafa allo mai ɗauke da sunansu a gaban aikin da ba zai kai baɗi ba.

Ba daga nesa muke jifa ba, mu ma mun yi. A shekararmu ta hidima mun samo 'yan itatuwa daga gandun renon shuka, muka zaɓi gefen wani kududdufi a wata unguwa ta cikin birni, muka dasa su a ƙarshen watan Satumba, domin sai a lokacin takardar izninmu ta fito. Muka kafa allo, muka yi jawabi da Turanci. Wani dattijo da ke zaune a dakalin ƙofar gidansa ya kalle mu har muka gama, sannan ya ce, “Sannunku da aiki, samari. To, wa zai ba su ruwa?” Muka ce, “Baba, ai jama'ar unguwa ne.” Ya ce, “Kun tambaye su?” Muka yi shiru. Ruwan sama ya ɗauke bayan mako biyu, awaki suka gama da abin da rana ta rage, kafin mu karɓi takardar sallama allon kaɗai ke tsaye. Ba itatuwan ne suka fi ba mu kunya ba. Daga baya muka ji cewa abin da ya dami mutanen unguwar shi ne wani kwalbati da ya toshe, wanda ke mayar musu da ruwa cikin zaure kowace damina, kuma da mun tambaya, aikin wuni biyu ne da shebur da baro.

Irin wannan kuskure ba mu muka fara shi ba. A farkon shekarun 1980 wani saurayi masanin aikin gona daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a ƙasar Maraɗi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara a gonakinsu ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a kawo sabon dashe, sai aka koma ga barin toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran. Manoman suka kira abin sassaben zamani, suka koya wa juna gona zuwa gona. Bayan shekara ashirin aka ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta sāke yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200. Abin da ya raya aikin shi ne saiwar tana nan tun da can, kuma masu gonar su suka riƙe shi. Birnin Zazzau ma yana da irin wannan saiwa: akwai aikin gayya, akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, akwai liman, akwai ƙungiyoyin matasa na taimakon kai da kai, akwai tunawa da zamanin duba-gari a bakin tsofaffi. Aikinmu shi ne mu nemo tohon da ke raye mu taimaka masa.

Saboda haka ga shawararmu ga wanda aka turo cikin birni, ko wanda ya zaɓi ya yi kwanakinsa na raya al'umma a can. Wata uku na farko kada ya dasa komai, kada ya gina komai. Ya fara da gaisuwa a zauren mai unguwa, ya cire takalmi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi a haɗa shi da matasan unguwa. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi ya fito da laima ya bi ruwan da ƙafa tun daga inda ya taru har inda ya fita ganuwa, yana rubuta inda ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Ya zauna da tsofaffi su lissafa masa kududdufan da suka sani suna yara, da sunayensu, da waɗanda suka rage, da waɗanda aka gine. Ya ƙirga rijiyoyi, ya auna zurfin ruwansu da igiya sau ɗaya a wata, ya rubuta a littafi. Wannan taswira da wannan littafi su ne hidima ta farko, domin ba a kāre abin da ba a rubuta ba, kuma ran da wani ya zo da takardar filoti a kan kududdufi, da su unguwa za ta yi magana.

Bayan haka sai a zaɓi aiki ɗaya tare da mutanen wurin, ƙarami wanda za a gama. Yashe kwata da kwalbati a watan Afrilu, kafin ruwan farko. Ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓe da murfi da guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Dasa jema ko gamba a gaɓar da ke zaizayewa, domin saiwarsu na riƙe ƙasa kuma ba sa bukatar ban ruwa in sun kama. Tara ruwan rufi: kwano mai murabba'in mita 100 yana karɓar lita 100,000 a damina ɗaya, watau duro 500, a gidan da ke sayen jarka wajen 'yan garuwa da rani. In kuwa itace za a dasa, a dasa shi a Yuni ko Yuli, a yi masa kariya daga awaki, kuma kowane ɗaya ya zama yana da mai shi da aka sani da suna.

Wajen wayar da kai, mu tuna cewa namiji baƙo iyakarsa zaure, ruwa kuwa a cikin gida ake ajiye shi, mata ke sarrafa shi. Ke nan rabin aikin nan yana hannun 'yan'uwanmu mata, su ne za su shiga su ga randa da moɗa, su zauna da matan gida, su je makarantun Islamiyya na matan aure. Abokan hidimarmu da suka zo daga Kudu ba sa jin Hausa, kada a bar su a baya suna riƙe da allo, a haɗa kowane ɗaya da mai jin harshen, gama domin irin wannan cuɗanya aka kafa shirin tun asali. Kada kuma mu ɗauka mu ne za mu koya wa birnin malamai cewa tsabta ibada ce. Hukuncin ruwa yana cikin abubuwan farko da almajiri ke karantawa a fiƙihu, kuma malamanmu sun san cewa rijiya da kogi suna da hurumi wanda ba a gini a cikinsa, ba a ƙazantar da shi. Mu kai wa liman abin da muka auna, mu ce, “Allah gafarta Malam, ga abin da muka gani,” mu bar masa sauran. Magana ɗaya daga bakinsa bayan sallar asuba ta fi takardunmu dubu.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi wuya. Hidimarmu wata goma sha biyu ce, itace kuwa sai ya ga damina uku kafin a ce ya tsira, kwata kuma kowace shekara sai an yashe ta. Tun ran da aka fara aiki a san hannun da za a bar shi, ƙungiyar matasa ce ko makaranta ko kwamitin masallaci, a kuma bar kwafin taswira da littafin awo wajen mai unguwa da wajen waɗanda za su gaje mu. Aikin da ya tashi tare da mai shi yawon buɗe ido ne.

Sauran kalma ɗaya ga 'yan'uwanmu da suka riga suka kama aiki a ofisoshin filaye da tsara gari da lafiya da ayyuka. Kududdufi ba ya cikuwa da kansa, gida kuma ba ya tsirowa a kan hanyar ruwa sai wani ya auna, wani ya zana, wani ya sa hannu. Sau da yawa wannan wani ƙaramin ma'aikaci ne mai shekara biyu a ofis, wanda aka miƙo wa fayil aka ce Alhaji na jira a waje. Ba mu ce ku yi faɗa da na gaba da ku ba. Mun ce ku je ku ga wurin da idonku, ku rubuta a fayil ɗin cewa hanyar ruwa ce, ku sa kwanan wata. Mai yiwuwa a tsallake ku a sa hannu, mai yiwuwa a ɗauke ku daga teburin. Amma rubutun zai zauna, kuma ran da katanga ta faɗa wa yara cikin dare, ba za ku kasance cikin masu sunkuyar da kai ba. Yanzu haka akwai manyan shirye-shiryen gyaran ƙasa da ruwa, kamar wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi irin wannan ta hannun ma'aikata irinku yake bi, kuma ku ne za ku sa ya isa bakin rafi ko ya tsaya a ɗakin taro.

'Yan'uwa, waɗanda suka haƙa ramukan nan suka gina ganuwa ba su bar mana sunayensu ba, amma mun sha ruwan rijiyoyinsu. Damina mai zuwa za ta sauko ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Muna roƙon kowane ɗayanmu da zai yi shekararsa a ƙasar Zazzau ya zaɓi unguwa ɗaya, ya je ya gai da mai unguwa cikin makon nan, ya tambaye shi inda ruwa ke kwana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.